Kakana, Sarkin Ƙuda

Daga Allah muke, gare shi kuma Tsoho ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, bayan ya shanye kununsa tas ya kuma ce bai yi daɗi ba. Tsoho shi ne kakana, mahaifin babana. Tun da na iya magana haka nake kiransa, shi kuma yana ce mini Ɓarawo, wai don ina neman ƙwace masa matarsa, wato Iya, kakata.

Malaminmu na elementare ne ya ba ni wannan littafi don in yi lissafi a ciki. Lissafi ya jira. Na ga in ban rubuta Tsoho yadda yake ba, masu zaman makoki za su mai da shi wani mutum dabam wanda ko Iya ba za ta gane ba.

Ranar farko wani dattijo ya ce marigayi bai taɓa ɗaga murya ba. Mutumin da in ya kira ni daga lambu sai tsuntsayen Auyo sun tashi. Wani ya ce ai shi mutum ne mai tsabtar zuciya. Wannan na yarda, don zuciya ce kaɗai a jikinsa ba ta ƙarnin kifi. Gwaggo, babbar 'yarsa, ta iso daga Jahun tana kuka tun daga bakin ganuwa, tana tambayar wa zai ƙara ce mata miyarta ruwa ce. Har duba-gari ya zo, wanda ya shekara goma suna kai ruwa rana da Tsoho a kan ƙazanta. Ya zauna a gefen tabarma ya yi addu'a, ya ce shi dai bai taɓa cin nasara a kansa ba ko sau ɗaya, kuma yanzu aikin ba zai yi masa armashi ba.

Ranar uku ne abin ya ɓaci. Ana rabon waina da gumba sai ga Masunci, abokin Tsoho da ke bandar kifi a can ƙarshen gari, ya yi sallama da ƙatuwar ƙwarya a rufe da faifai. Gwaggo ta zaci abincin sadaka ne, ta karɓa da hannu biyu tana sa masa albarka, ta kai tsakiyar mata ta buɗe. Hanjin kifi ne. Ban taɓa sanin tsofaffin matan unguwarmu suna iya gudu ba sai ran nan. Wata da ta shekara uku tana tafiya da sanda ta bar sandar a nan.

Masunci bai yi dariya ba. Ya ce mako guda kafin rasuwa Tsoho ya aika masa cewa albasa ta kusa buɗe fure, a tara wa baƙinsa abinci. Shi alkawari ya cika.

Baffa, yayan babana, shi ne babba a gidan yanzu. Tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa, malaman ofis ne ke kawo masa aiki. Ya miƙe ya ce a fitar da wannan abu, kuma kowa ya ji: da an yi sadakar bakwai za a tone fangalin albasar nan, malamin gona ya yi masa alkawarin sabon iri daga Kano. An binne Tsoho, a binne sunan gidan ƙuda tare da shi. Ni kuwa da ba zaman makoki ake yi ba, da na yi rawa.

Bari in faɗi dalili. Duk Haɗeja in ka ce a nuna maka gidan Sarkin Ƙuda, ko akuya ta san hanya. Ni kuma 'yan matan da ke ɗiban ruwa a rijiyar unguwa Ciroman Ƙuda suke kirana, in na wuce su toshe hanci ko da na yi wanka da sabulu sau biyu.

Lambun Tsoho yana bayan ganuwa, a fadama, inda kogi ke barin baƙar laka in ruwa ya janye. Ba zan yi ƙarya ba, wuri ne mai daɗi. Da rani, lokacin da duk ƙasa ta yi fari fat, kana tura ƙyauren darni sai ka shiga wata duniya: tumatir ja wur, tattasai, gauta, kuɓewa, alayyafo har gwiwa, jigo yana kuka yana zuba ruwa a magudana. In ka tsoma ƙafa cikin ruwan nan, ka fasa tumatir mai ɗumin rana ka barbaɗa masa gishiri da barkono, ba ka ƙyashin Bature da gidansa. Matsalar ita ce lambun ba namu ba ne. Na ƙwari ne. Mu bayi ne da ke ban ruwa.

Tsoho yana gaida ƙwari kamar mutane. In malam-buɗe-littafi ya sauka a kan furen kuɓewa, sai ya tambaye shi yaya almajirai. Ƙoƙi-ƙoƙi dogarinsa ne, don yana kama masu ɓarna, ba a taɓa shi. Tsutsa tana da tushen alayyafo guda nata na kanta a ƙarshen kowane fangali, in ta ƙetare iyaka ya ɗauke ta da ganye ya mai da ita yana yi mata faɗa. Ni, jininsa, tumatirin da tsuntsu ya riga ya huda ake ba ni. Da na yi ƙorafi ya ce tsutsa ganye ɗaya take ci ta gode Allah, ni kuwa in aka sake ni har darnin zan cinye.

Wata shekara zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a cikin malfar Tsoho da ke rataye a jikin jigo. Mutumin nan ya yi wata guda yana aiki cikin rana kai babu hula, saman kansa yana sheƙi kamar an shafa man shanu, don kada a rushe wa mai jego ɗaki. Ni da na fasa masa buta sai da na kwana biyu ina zagaye gidan ta bayan danga.

Fara ce kaɗai ba ta da alfarma a wurinsa. Ya ce baƙon da ya zo da rundunarsa ba baƙo ba ne, a soya shi da gishiri.

Sai albasa. Ita ce gadonsa. Mahaifinsa ne ya zo da irinta daga bakin Chadi a cikin ɗan tandu, kuma tandun yana nan har yau. Ja ce, mai siririn wuya, tana ƙetare damina ba ta ruɓe ba, in an yanka ta a gidanmu maƙwabta na uku sai sun share hawaye. Kowace shekara yakan zaɓi kawuna masu kyau ya adana su har ruwa ya ɗauke, ya sake binne su, su fitar da dogon kara, kowane kara ya ɗauki farin fure kamar dunƙulen auduga. A cikin furen nan iri yake. Da furen ya fara buɗewa sai a zuba hanjin kifi a fasassun tukwane a kusurwa huɗu na fangalin. Ƙudaje su zo, koraye da baƙaƙe, su ci walima, su bi fure ɗaya bayan ɗaya suna tattakawa. Tsoho ya ce in babu su babu iri. Na ce ƙudan zuma fa? Ya ce zuma babban baƙo ne, in ɗorawa ta yi fure ba ya kallon lambun talaka, ƙuda shi ne ɗan'uwa. Na tambaye shi me ƙuda ke yi wa furen. Ya ce shi bai tambaye su ba, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo.

Wa ke ɗauko hanjin daga gidan Masunci, ya ratsa gari da shi a ka har fadama? Tun ina shekara tara ni ne. Ƙudaje na bina a baya kamar 'yan rakiyar amarya.

Bai taɓa sayar da irin nan ba. Mutane na zuwa daga Auyo, daga Malam Madori, ya ɗiba musu da yatsu uku yana yi musu gorin ba su iya noma ba. Shekarar da kwale-kwalen Masunci ya kife da duk komarsa, Tsoho ya yanka masa fangali huɗu, ya ba shi iri, kullum kuma aka riƙa kai wa iyalinsa kwandon ganye har ya farfaɗo. Ni ne mai kai kwandon, don haka rabin ladan nawa ne, ko da yake ba wanda ya faɗi haka a zaman makoki.

Yanzu sai rigimarmu. Shekara biyu ke nan. A makaranta malam ya rataya mana hoton ƙuda, girmansa kamar ɗan akuya, ƙafafu duk gashi, an zana shi yana fitowa daga salga yana sauka a kan tuwo. Ya lissafa mana cututtukan da yake kawowa har alli ya ƙare. A daidai lokacin kurkunu ya kama Tsoho a ƙafa, ya kwantar da shi kusan kwana arba'in, ga albasa ta buɗe fure. Aka bar mini lambu. Na ce yau ilimi zai yi aiki. Kullum in karɓo hanjin in haƙa rami in binne, in tara busasshen kashin shanu in kunna ta inda iska ke busowa. Hayaƙi ya lulluɓe fangalin safe da yamma. Ko ƙuda ɗaya bai rage ba. Har ɗan dogarin nan ƙoƙi-ƙoƙi ya yi ƙaura. In na dawo gida Tsoho ya tambaye ni baƙi, in ce suna gaishe shi.

Da furen ya bushe ya sa aka ɗauke shi a jaki aka kai shi. Ya karyo kai ɗaya ya murza a tafin hannu ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, hannu ya rage wayam. Ya murza na biyu, na uku, na goma. Sai can gefen da hayaƙi bai kai sosai ba aka sami ɗan abin da bai rufe tafin jariri ba. Ya dubi tokar da na manta ban share ba. Na so ya doke ni, don duka yana ƙarewa. Bai doke ni ba. Ya saurari duk bayanina na hoto da salga da cututtuka, sannan ya ce:

“Malamin naku yana cin albasa?”

Na ce yana ci.

“To ka gaya masa baɗi ya yanka hoton a miya.”

Haushi ya kama ni, na rantse da Allah ba zan ƙara ɗaukar ƙwaryar nan ba har abada. Ya ƙulle ɗan irin a bakin rigarsa, bai ko kalle ni ba, ya ce, “Za ka ɗauka.”

Kwana goma sha biyu ba mu yi magana ba. Iya ce 'yar aike, ta ce wa ɓarawo maigida ya ce ka ba jaki ruwa, ta ce wa maigida ɓarawo ya ce jakin ya sha. Sai damina ta zo da ambaliya, ruwa ya tafi da rumfar da aka adana kawunan albasa. Abin da ya rage a duniya na gadon bakin Chadi shi ne ɗan abin nan na cikin tandu. Bara ya shuka shi, ya samu 'yan kawuna, ya shimfiɗa yashi ya jera su a ƙarƙashin gadonsa duk tsawon damina, Iya tana cewa ta auri miya. Su ya binne bana a fangali ɗaya tak. Tandun kuwa babu komai a ciki. Fangalin da Baffa ya ce a tone ke nan.

Ranar biyar da rasuwa na sulale na tafi lambu. Ba don albasa ba. Na je ne in ci tumatir lafiyayye, wanda tsuntsu bai huda ba, tunda yanzu ba mai hana ni. Na ci uku. Ba su da ɗanɗano. Ashe ihun Tsoho ne gishirinsu. Na ja jigo na ba da ruwa, sai na ga albasar ta buɗe, fari fat, kara ɗaya ɗaya a tsaye kamar sahun salla. Wurin shiru. Can ƙetare ɗorawa tana ta gunji da ƙudan zuma, nan kuwa ƙuda biyu ne kawai, su ma da alama hanya ce ta biyo da su. Fasassun tukwanen suna nan a kusurwa huɗu, ya wanke su ya kife kafin ya kwanta. Na tsaya ina zaginsa a zuciya. Duk kwanakin shekara bai ga ranar mutuwa ba sai makon fure.

Washegari Iya ta aika a kira ni. Tana ɗaki tana takaba, ba ta fita ko zaure. Ta ce mijin fari ya gudu ya bar ta, saura ni, kuma tana so ta ga ko ni ma irinsa ne ko rago ta aura. Ta turo mini ƙunshi da ƙafa. Tsohuwar rigar lambunsa ce da malfar nan, har da sauran lakar zanzaro a ciki. Na tuna mata na rantse. Ta ce Liman ya san maganin rantsuwa, azumin kwana uku ne ga wanda ba shi da abin ciyarwa. Na ce Baffa fa? Ta ce:

“Gobe ranar jikoki ce. Ko Sarki ba ya hana jika.”

Gaskiyarta. A wurinmu in tsoho ya cika da jikoki, ranar bakwai tasu ce. Su sa kayansa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa a gaban jama'a, su nemi abin da suke so, 'ya'yansa kuma ba su da bakin hanawa, don jika abokin wasan kaka ne har bayan rai.

Da safe aka yi addu'a aka shafa. Ƙannena da 'ya'yan Gwaggo suka fito, wannan ya ɗauki sandarsa, wancan butarsa, ana dariya ana ba su goro da waina. Ni na sa rigar da malfar na zagaya ta baya. Masunci yana jirana. Ashe bai zubar da ƙwaryar ba, a kan bishiya ya rataye ta, kwana huɗu cikin zafin nan. Da ya ɗora mini ita sai da na ga taurari da rana tsaka. Warin ya riga ni shiga ƙofar gida da kamar taki ashirin, ya yi mini sallama.

Na fito ina ɗingishin kurkunu, ina tarin nan nasa mai kama da kukan jigo. Mutane suka dare, masu rawani suka ja shi kan hanci, Liman yana ta girgiza da dariya a bayan nasa. Duba-gari ya ɗaga ido sama kamar mai neman wata. Na tsaya a gaban Baffa, na shaƙe murya yadda Tsoho ke yi in zai ci mutuncin mutum, na ce:

“Kai mai keke, wa ya ce a tone mini fangali? Da albasar nan aka yi miyar sunanka.”

Baffa ya miƙe. Na riga na zaɓi kumatun da zan miƙa. Sai na ga ba ni yake kallo ba, facin kafaɗar rigar yake kallo, wanda shi da kansa ya ɗinka da hannu tun kafin ya sami keke. Sannan babban mutumin nan, da farar rigarsa mai aiki, ya durƙusa a gabana yadda yake durƙusa wa ubansa kowace safiya.

“Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ba mai taɓa shi.”

Dariya ta ɗauke. Gwaggo ta fara sabon kuka daga cikin gida. Ni kaina na share ido, amma na ɗora laifin a kan hanjin kifi. Baffa ya share fuska da hannun riga, ya matso ya ce a hankali don Allah in bi ta bayan gari. Na tambayi kaina ta ina Tsoho zai bi. Na bi ta tsakiyar kasuwa, ta gaban keken ɗinkin.

Kafin azahar fangalin ya cika da baƙi. Koraye, baƙaƙe, manya da ƙanana, har da waɗansu da ban taɓa gani ba, ina jin daga Jahun suka zo ta'aziyya. Mako uku ina kai musu abinci. Na yi azumina uku a tsakiyar bazara, leɓe ya tsage, ina jan jigo ina kallon ruwan da ba ni da ikon sha. Ko a kabari mutumin nan bai daina sa ni aiki ba.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki furen ya bushe. Na karyo kai ɗaya, na murza na hura. Ƙaiƙayi ya tashi. Baƙin iri ya rage a tafina kamar an zuba kwalli. Tandu ya cika har ya yi saura. Baffa ya ɗinka 'yan jakunkuna da ƙyallayen da suka rage masa, aka aika Auyo da Jahun da Malam Madori. Masunci ya karɓi nasa. Duba-gari ma ya aiko a asirce, na ɗiba masa da yatsu uku, na gaya wa ɗan aikensa maigidansa bai iya noma ba.

'Yan matan rijiya sun daina ce mini Ciroma. Sun yi mini ƙarin girma. Jiya na kama kaina ina tambayar malam-buɗe-littafi yaya almajirai, na waiga da sauri don kada wani ya ji.

Na tambayi Liman ko akwai ƙuda a Aljanna. Ya ce babu, sai dai koramu na zuma. Allah ya ji ƙan Tsoho, ya yafe masa, ya yafe mini hayaƙin da na yi, ya ba shi lambun da ba a jan jigo. Ya kuma ba shi haƙurin zama da manyan baƙi, don 'yan'uwan nasa duk ni ya bar wa.